Lambar da Aka Rubuta wa Baba da Jan Biro

Mahaifina ya yi shekara ashirin da wani abu yana ɗan doka, da lamba a ƙirjin rigarsa, kuma ko da ya ajiye aiki bai daina ganin girman lamba ba. A wurinsa in an ba ka lamba an san da zamanka ke nan, sai ka nemi wuri ka zauna har a kira ka. Mai tsallake layi kuwa, cewa yake yi ɓarawo ne da bai samu abin sata ba tukuna. A kan wannan ya rene mu, kuma ta nan aka cuce shi.

A shekarun da aka karɓe sunan garinmu aka ba sabon birnin tarayya, mu aka bar mu da Suleja, fitsarin Baba ya koma ja. Bai gaya wa kowa ba. Da mahaifiyarmu ta gani a wandonsa wajen wanki ta yi magana, sai ya ce tsargiya ce, wane yaro ne ya yi wanka a rafukan ƙasar nan bai yi jan fitsari ba? Ta ce masa shi ba yaro ba ne, kuma rabonsa da rafi tun kafin a haife ni. Ni a lokacin ina koyarwa a wata firamare a unguwar Hashimi, da aurena da 'ya'ya biyu, gidana ba nisa da nasu. Sai da na yi sati uku ina naci kafin ya yarda zai je asibiti, shi ma da sharaɗin ba zan bar aji in bi shi ba. Ban bi shi ɗin ba, kuma har yau ban yafe wa kaina wannan biyayyar ba.

Ya yi ta zirga-zirgar gwaji, a ƙarshe likitan, wani baƙo da ba ya jin Hausa, ya sa tafinta ya gaya masa cewa ciwon ya fi ƙarfin nan, sai babban asibiti a Zariya, ya je ofishin kati ya karɓi takarda. Ofishin katin ɗaki ne mai 'yar taga. A bayan tagar akwai wani akawu, irin masu soka matsefi a gashi, da rediyo a gefensa. Ya karɓi fayil ɗin, ya buɗe wani littafi ya duba, ya rubuta 188 da jan biro a jikin fayil, ya sake rubutawa a kusurwar ɗan katin da marar lafiya ke riƙewa. Ya turo katin ta taga ya ce, "Baba, ga lambarka, ka dawo wani satin."

Baba ya dawo gida da fara'a. Ya nuna mana katin, ya ce shi ne na ɗari da tamanin da takwas a layin masu zuwa Zariya. Har lissafi ya yi mana: in ana kwasar mutum goma a sati, ai abin ba zai kai damina ba. Na riƙe katin nan da hannuna, na ga lambar da idona, ni da nake tsayawa gaban yara ina koya musu Turanci, na mayar masa da abinsa.

Daga kaka har bazara, duk Litinin Baba yakan sa farar rigarsa ya tafi. Ya zauna a benci har layi ya zo kansa, ya miƙa kati ya tambaya ko an zo kansa. Akawun ya ce tukuna, ko kai ba ya ɗagowa. Baba ya yi godiya ya dawo. Godiyar nan ce take ci mini rai har yanzu. Tun yana zuwa a kan keke har ya koma takawa, don zama a kan sirdi ya gagara. Jinin ya koma gudaje. Mutumin da ke cinye malmala biyu ya koma shan kunu da cokali, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na ce masa shugaban makarantarmu ya san wani babba a asibitin, bari in yi magana a duba mana. Ya kalle ni kamar na zage shi, ya ce so nake yi yaran ajina su ji labarin uban malama ya tsallake layi? Waɗanda ke gabansa su ma 'ya'yan wasu ne, mai haƙuri shi ke dafa dutse. Na ce dutsen ai ba a mararsa ake dafawa ba. Mahaifiyarmu ta ce in kama bakina.

Wata Litinin ya dawo ransa a ɓace, yana haki. A benci ya zauna kusa da wani manomin doya daga Izom, hira ta kai su ga nuna wa juna kati, sai ga 188 da jan biro a katin mutumin. Baba ya ce lambarsa ce tun kaka. Mutumin ya ce shi ma wata biyu ke nan yana riƙe da ita. Baba ya ce to wani ya ba da wani abu a bayan fage, kuma ba shi ba ne. Saura kaɗan tsofaffi biyu masu fitsarin jini su ba hammata iska a gaban jama'a. A ranar ne ya ce in je, ba don in nema masa alfarma ba, don in karɓo masa haƙƙinsa.

Washegari na bar wa wata malama ajina na tafi. Na ajiye katin a taga na tambayi akawun yadda aka yi mutum biyu suka samu lamba ɗaya. Ya ce in dawo Litinin, yana murɗa rediyo. Na sa hannu ta taga na kashe rediyon. Abin da na faɗa bayan nan ba na aji ba ne, kuma masu jiran magani har daga can ƙarshen baranda sun ji. Sai wata mata ta leƙo daga ɗakin ciki, 'yar Kudu, babba, da tabarau a karan hanci da ɗan gicciye a wuya. Ta karɓi katin ta duba, ta dubi akawun, ta ce in zagayo ta ƙofa.

Ta ba ni kujera, ta ɗauko wani littafi mai kauri da bangonsa ya sha hannu. Ta ce kowane ciwo a duniya yana da lambarsa a ciki, su suke dubawa su rubuta a fayil, ƙarshen wata a ƙirga mutum nawa suka zo da kowane ciwo a aika ma'aikata. Ta nuna mini tsargiya, ɗari da ashirin. Sannan ta yi ta buɗawa, ta ɗora yatsa a kan 188 ta juyo mini da littafin. Na karanta da kaina: ciwon daji na mafitsara.

"Malama, wannan ba lamba na layi ba ne," ta ce da irin Hausarta. "Suna na ciwo ne. Babu layi."

Ta tashi ta zaro fayil ɗin Baba. A ciki ga takardar Zariya, likita ya sa hannu tun kaka, an maƙale ta da allurar da har ta yi tsatsa ta ɓata takardar. Wata biyar tana nan, taku uku daga tagar da Baba ke tsayawa yana godiya.

Na fito da takardar na nuna wa akawun. Da ya ce mantuwa ce, da wataƙila na haƙura. Cewa ya yi shi ba likita ba ne, ba aikinsa ba ne ya gaya wa mutum ciwonsa. Ranar farko takardar ba ta iso ba, shi ya sa ya ce a dawo. Bayan nan kuma tsohon bai taɓa tambayar takarda ba, kullum cewa yake yi an zo kaina, shi kuma bai ga amfanin doguwar magana ba. Na tambaye shi ko ya san abin da lambar take nufi. Ya ce ya sani mana, ai shi ya rubuta. Na so in tofa masa yawu, bakina ya bushe. Ba mugunta ya yi niyya ba, na san wannan, kuma sanin bai taɓa rage mini komai ba. Kalma ɗaya ta fi masa sauƙi a kan ya miƙe daga kujera, shi ke nan.

A zaure na samu Baba. Na durƙusa na gaya masa komai, ban ɓoye sunan ciwon ba, don an ɓoye masa abin da ya isa. Ya dubi katin. Ban ga tsoro a fuskarsa ba, kunya na gani, irin ta wanda ya gane yara sun daɗe suna yi masa dariya.

"Na zagi bawan Allah a banza," ya ce. "Ki nemo mutumin Izom ɗin nan ki gaya masa."

Na ce sai mun dawo daga Zariya. Da safe muka shiga mota ta Kaduna, ni da shi da ƙanena. A Zariya sun karɓe mu da mutunci, suka yi nasu gwajin, likita ya kira ni gefe ya ce abin ya bazu, ba a iya yanka yanzu. Ya dubi kwanan watan takardar ya tambaye ni me ya sa muka ajiye shi a gida. Kwana tara muka yi aka sallamo mu da maganin rage zafi. Baba bai ga ƙarshen daminar nan ba.

Amma tun ranar da muka dawo yake tambayata maganar Izom, har na tafi ranar kasuwa. Ban sha wahalar nema ba, masu doya sun san wanda ke fama da mara. Na same shi a ƙarƙashin mangwaro, ya rame ya yi baƙi, ɗansa na sayar da doyar a madadinsa. Na gaishe shi, na faɗi ko ni 'yar wane ce, na ce Baba yana ba shi haƙuri. Na yi masa bayanin littafin da lambar, na ce takardarsa tana nan a fayil, matar ofishin kati ta ce ya zo ya karɓa, ya wuce Zariya tun da sauran ƙarfinsa. Ya saurare ni har ƙarshe yana gyaɗa kai, na ɗauka ya gane.

"'Yar nan, ki gaida mahaifinki," ya ce. "Ki ce masa na gane wayon. So yake in tashi ya zauna a wurina. Akawu da bakinsa ya ce mini tukuna."

Na yi rantsuwa, na yi kuka, na kama ɗansa na sake bayani tun daga farko. Ɗan ya ce shi ba ya ƙetare maganar mahaifinsa. Da na koma gida na ce wa mahaifina saƙo ya isa, ya ce alhamdulillahi, ya juya ya yi barci.

Litinin ta gaba na biya asibitin karɓar maganin Baba. Mutumin Izom yana kan benci, ya riƙe katinsa da hannu biyu. Da ya gan ni sai ya cusa shi cikin aljihu.