Jan Rogon Lucia Sati

An haifi Lucia Sati a wani ƙauye kudu da Zariya, aure ya kawo ta Bomo a shekarar 1978. Mijinta lebura ne a gonakin gwaji na Samaru. Ita ba ta yi makaranta ba. Ban da tukwane, abin da ta zo da shi daga gidansu shi ne irin rogon mahaifiyarta, mai jan kara. Saiwarsa siririya ce, ga ɗaci, sai an jiƙa ta kwana uku. Shekara arba'in tana dasa shi, tana kai garinsa kasuwar Sabon Gari.

A 2019 cocinmu ta ba Zumuntar Mata, ƙungiyar matan cocin, wata fadama, domin gwauraye goma sha ɗaya su sami abinci. Ni aka ɗora a kan aikin, saboda na koyar da noma a makarantun mishan da na gwamnati. Na samo wani farin iri mai zaƙi a Jushi, saiwarsa kamar cinyar mutum.

Ranar dashe Lucia ta kawo nata.

Ta ce, "Malam Gabriel, wannan naka ya taɓa kwana cikin ruwa?"

Na ce, "Mama, zamani ya wuce rogon kakanni. Ki kai shi gidan tarihi."

Mata suka kwashe da dariya. Ita kuwa ta gangara can ƙasa inda ruwa ke kwanciya, ta dasa layi biyu.

A watan Agusta aka jera kwana goma sha biyu ana ruwa. Ganyen namu ya yi rawaya, ya yanƙwane. Na ja guda ɗaya, ya biyo hannuna ba gardama. Saiwar ta yi baƙi, ta yi laushi, ga ɗoyi. Na kai wa wani mai bincike a Samaru. Ya ce ruɓewar saiwa ce, cutar tana zaune cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, wani iri yana jure mata, wani ba ya jurewa. Ya tambaye ni ko akwai wanda ya tsira a fadamar. Na ce layi biyu.

A wajenmu ba a sayar da itacen rogo, ba a kuma aika wani ya karɓo. Mai so shi ke zuwa da ƙafarsa ya roƙa. Lahadi uku ina fita daga coci ta ƙofar baya don kada mu haɗu da Lucia. A ta huɗu na je gidanta.

Ta ce, "Malam, ka ɓata hanya ne?"

Na cire hula na roƙa. Ta ce in dawo idan ya ƙosa. Da lokacin ya yi, ta sare nata duka, ta ɗaure dami huɗu.

"A kwance za ka dasa, kada ka tsayar. Ka rubuta, tunda kai sai da takarda."

Na rubuta. Gwaurayen nan sun yi shekara guda ba rogo, kuma har yau babu wadda ta taɓa yi mini maganar.