Binciken da muka yi wa likitan idon Inna

Ido ɗaya ya rage wa Inna, na hagu, shi ma yanar ido ta rufe shi har ta koma gane mu da murya. Na daman wani mutum ne ya kashe shi. Ya sauka Madarunfa ranar kasuwa da farar riga da jaka, aka ce likita ne, ya soke mata idon da wani abu kamar allura a zauren maƙwabta, ya ce nan da kwana kaɗan har jinjirin wata za ta gani. Kafin idon ya gama kumbura ya bar gari. Har yau in na tuna shi raina ɓaci yake yi. Tun daga lokacin tsintar wake ta dawo hannuna, ni da ban taɓa haƙurin aikin ba.

Da aka ce akwai likitan ido a Maraɗi mai cire yana, na yi abin da na sani a matsayina na malamar lakwal, wato makarantar boko. Na je wurin majo, babban malamin jinya na gidan likitan garinmu, ya tabbatar mini mutumin ya yi karatu a Yamai, ya ƙaro na ido a waje, sunansa kuma yana cikin rajistar likitoci. Na dawo da murnata na gaya wa Inna.

"Wannan ke ya gamsar," in ji ta. "Ɗan wa ne? Wa ya taɓa yi ma aiki ya gani? Ko akuya ba ni ba wanda ban san gidansu ba, balle idona guda."

"Inna, ai ba a tsare likita da tambayoyin ga. Da kunya."

"Wa ya ce ki tambaye shi? Kira mini gwaggonki."

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, ita ake turawa bincike duk lokacin da wani ya zo neman aure a danginmu. Ta yafa mayafi ta shiga mota sai unguwar su likita. Ta zauna wurin mai ƙosai, ta leƙa gidajen maƙwabta da sunan neman ruwan sha, tana tambaya irin wadda ta iya: yana salla, yana da fushi, yana shan wani abu, yaya yake da uwarsa. Ta dawo da cewa ubansa goro yake sayarwa kafin ya rasu, shi likitan kullum sai ya gaida uwarsa kafin ya fita, ko taba ba ya sha, kuma ya yi wa wani tsoho mai tufka igiya aiki, mutumin garin Safo. Abu ɗaya Gwaggo ba ta yi ba: ba ta gaya wa kowa dalilin tambayarta ba.

Inna ta ce sai an kai ta Safo. Muka iske tsohon a ƙofar gidansa. Bayan gaisuwa ta miƙa masa bakin zanenta.

"Malam, mi ka gani bisa zanen ga?"

"Tsuntsaye ne, Hajiya. Ga guda nan ya yage wajen wuya."

Ta lalubo wurin da yatsa, ta ji yagewar. Ta ce, "To, a kai ni."

Ranar da muka shiga wurin likita, yana jin garin da muka fito ya ajiye biro yana dariya.

"Ku ne mutanen Madarunfa da za su ba ni mata? Tsohuwata ta hana ni sakat, wai wace yarinya ce na ɓoye mata."

Kunya ta kama ni kamar in nutse. Inna ko gezau.

"Ba ɗiya za ni ba ka ba, ɗana, ido ne. Ɗiya in ba ta ji daɗi ba tana dawowa gida. Na ba wani guda ban tambayi ko garinsu ba, bai dawo ba."

Ya daina dariya. Ya sauko da takardar shaidarsa daga bango ya ce in karanta mata da ƙarfi, na karanta. Da ya gama duba ta ya gaya mata ba ɓoye-ɓoye cewa na dama ya riga ya tafi, na hagu kuwa yana sa rai sosai, amma ba zai yi mata alkawari ba. Wannan ne ya fi kwantar mata da hankali. Ta ce wancan na farkon, ganin jinjirin wata ya yi mata alkawari.

Aka yi aikin. Washegari da za a cire bandeji tsoro ya cika ni, don ni na fara kawo maganar mutumin nan, kuma na san babu ido na uku. Ta yi ta ƙifce-ƙifce, ta dubi likita, ta ce ashe yaro ne. Na fita waje na yi kukana.

Bayan ta warware, wata safiya na gama tsintar wake zan kai tukunya, ta ce in miƙo mata faifan. Ta zauna bakin ƙofa tana ture shi da yatsa, tana fidda tsakuwa ɗaya bayan ɗaya tana tarawa a gefen tabarma.

"Duk shekarun nan ina tauna su," in ji ta. "Na yi shiru ne don ba ni da wani idon sai naki."

Daga ranar ba ta sake bari na taɓa faifan ba.