Yarinyar da Ba Ta Iya Gaisuwa Ba

Shekarar da aka kwantar da Mama a asibiti a Sakkwato, mu biyu muka rage a gidanmu na Kebbe, ni da kakata. Iya nake kiranta, ita ta haifi Mama. Babana ma'aikacin lafiya ne, aiki ya kawo mu garin, shi kuma ya tafi jinyar matarsa. Mu Kirista ne, kuma ba mu da yawa a wurin. Ranar Lahadi a ɗaki guda muke sujada, bencin ma ba ya cika. Ba ni da abokin wasa. Ba korata ake yi ba, ni ne ban iya shiga mutane ba.

Katanga ɗaya ta raba mu da wani malami, mutumin kirki, wanda matarsa take aiko mana da fura tun da ta ji Mama na kwance. Da magariba nakan ji 'ya'yansa suna karatu a zaure, yana tsayar da su a kan harafi ɗaya har sai ya fita daidai. Abin yana burge ni. Amma sai na ɗauko wani abu da ba wanda ya taɓa gaya mini, wai Allah ba ya sauraron maganar da ke da kuskure. Saboda haka duk lokacin da Iya ta ce in yi wa Mama addu'a, sai in ce sai gobe. A hanyar makaranta ina ta jera kalmomi irin na fasto, in cire wannan in sa waccan, kafin in kai tsakiya farkon ya ɓace. Tsorona shi ne in roƙa ba daidai ba, a ƙi karɓa, in rasa Mama saboda bakina.

Bayan tuwo Iya ba ta kashe murhu. Takan tura karan dawa a wuta, ta binne gyaɗa cikin toka, ta miƙe ƙafafu, ta soma tatsuniya.

"Maigida," haka take tsokanata, "ga wata nan tafe, wa za shi tarbe ta?"

A gidajen mutane yara ne ke amsawa baki ɗaya. A namu muryata ce kaɗai.

Wani dare ta ce wani mai gari ne yake da 'ya'ya uku. Na tsakiyan ya zame ya faɗa ramin da ake haƙar ƙasar gini, ruwan damina ya cika shi. Babban wansu, yaro mai ladabi, ya ruga gida ya tarar uban na zaune da baƙi. Ya cire takalmi, ya durƙusa a bakin zaure, ya jira a gama magana. Sannan ya soma, ina wuni, ina gajiya, yaya jama'a, kowane baƙo da tasa gaisuwar. Iya ta dage tana kwaikwayonsa, har da sunkuyar da kai. Yana cikin haka sai ga autarsu, wadda ko magana ba ta gama iyawa ba, jikinta duk taɓo. Ta taka tabarmar baƙi, ta kifar da ƙwaryar ruwa, ta kama rigar uban tana ja tana cewa Baba, Baba. Bai tambaye ta komai ba. Ya miƙe ya bi ta, ko takalmi bai tsaya sawa ba.

"To, malamin takarda, wa yak kai saƙo?"

"Ƙaramar," na ce. "Amma ba ta yi gaisuwa ba."

"Ita da ubanta? Kai dai da an bar ka, sai yaro ya sha ruwa ya ƙoshi kana nan kana ina gajiya."

Ta tono gyaɗa ta hura ta miƙo mini. Ta ce ranar da mabiyan Yesu suke gardamar wane ne babba, ƙaramin yaro Yesu ya jawo ya tsayar a tsakiyarsu. Ranar da suka kori yara kuma, ransa ya ɓaci, ya rungume yaran. "Ba don ɗiya sun iya komi ba," in ji ta. "Sun dai san inda ubansu shike."

"Iya, an fito da yaron da rai?"

Ta daɗe tana juya toka da guntun kara. "Uban ya tafi," ta ce. "Nan tawa tat tsaya."

Kafin wutar ta mutu na durƙusa kusa da ita. Duk abin da na shirya ya gudu. Na ce, "Uba, Mama," sai kuka ya tare sauran. Iya ta ce amin da ƙarfi, kamar wanda ya kai doguwar addu'a ƙarshe.

Mama ba ta dawo ba. A Sakkwato aka binne ta. Daga baya aka mayar da babana Tambuwal, a can Iya ma ta rasu. Na daɗe ina jin haushin tatsuniyar nan, don a ganina na ja riga ba a tashi ba. Sai da na girma na lura cewa Iya ba ta yi mini alkawarin komai ba. Na tambaye ta kai tsaye, ta ƙi yi mini ƙarya.

Yanzu ina karatu nesa da gida, ni kaɗai a ɗakin haya, har yau ina gyara magana sau da yawa kafin in furta. Hutun da ya wuce babana ya gaya mini abin da ban sani ba. A makon da Iya ta ba ni labarin, ya riga ya aiko mata da saƙo ta bakin wani direba cewa likitoci sun cire rai. Ta sani, ta zauna tana gasa mini gyaɗa tana kwaikwayon gaisuwa.

Na yi ta neman tunawa ko na ji ta yi addu'a da bakinta a kwanakin nan. Ban tuna ko sau ɗaya ba. 'Yarta ce ke mutuwa, bakinta ya yi nauyi, a gidan kuma ba kowa sai yaro guda mai kunya. Ni nake ganin tana koya mini. Ashe roƙona take yi in yi magana a madadinmu duka biyu.