Shunin Hannun Yaya

Yayana marini ne, ni kuwa malamin kimiyya a lise, babbar makarantar sakandare ta Matamaye. Ramukan rinin babanmu ya gada a bayan gari, ni na gaji alli da ciwon makogwaro. Mushe yake ce mini, wato malamin boko da Faransanci, don tsiya, ko a gaban baƙi.

Da aka auna jininsa a likita aka ce ƙanjamau ce, ni na raka shi. Ban ji komai ba. Na tuna dai ina kallon wani ƙadangare a bangon ɗakin awo, ina mamakin inda ya bar wutsiyarsa. Aka ba shi ƙwayoyi, aka ce kullum ya sha, har iyakar rai. Ya sa su a aljihu kamar goro.

Shan maganin nan shi ne rigimarmu. Yau ya sha, gobe ya ce ya manta, jibi ya tafi kasuwar Ɗan Barto da turamensa ya bar kwalbar a gida. Ni kuwa abin da na iya ke nan, karatu. Na duƙufa a waya ina bin yadda cutar take shiga jiki, kamar sanin zai ƙara masa ƙiba.

Wata rana da hantsi na same shi a bakin rami yana juya baba, ganyen rini, da muciya. Ya rame, wandonsa har ninki biyu a ƙugu. Bai ɗago ba ya ce, "Mushe, kai da ka sha boko, wai ta ina cutar nan take shiga ne? Jikin mutum ba ƙofa gare shi ba."

Na tsuguna na yi masa darasi, halin malami. Na ce ƙwayar cutar tana da riga ta maiƙo, a jikin rigar akwai ƴan ƙugiyoyi, kowace a ɗaure da ƙulli na farar wuta. Muddin ƙullin na nan, ba ta iya shiga. To a fatar ƙwayoyin jininmu akwai wasu sinadarai masu aikin kwance irin wannan ƙulli. Su ne ke miƙa mata ƴan ƙwayoyin lantarki, ƙullin ya saki, ƙugiya ta miƙe ta kama, rigarta ta narke cikin tamu.

Ya ce bai gane ba. Sai na nuna masa ramin. Na ce ai aikinka ne. Baba ba ya kama zane sai ya kwana cikin toka ya ruɓa, ya saki jiki, ruwan ya koma kore-kore. A haka yake ratsa zare. In ka ɗaga zanen iska ta buge shi, sai ya koma shuɗi ya zauna. Abu guda ne, a ba ka lantarki ka saki, a karɓe ka ɗaure.

Ya tsamo wani zane ya riƙe. Muka tsaya muna kallo yana juyewa daga kore zuwa shuɗi.

"Ashe jikina ne ya kwance mata," in ji shi.

"Jikin kowa haka yake, Yaya. Ba da saninsa ba ne."

"To Mushe, ka taɓa ganin abin da ya shiga ramin nan ya fito fari?"

Na ce maganin ba wanki ba ne, hana ta haihuwa yake yi, kuma mutane na shekara da shekaru a kansa suna noma suna aurar da ƴaƴa. Ya ce to. Na san wannan to ɗin, ita yake ba mai neman ragi.

Na yi faɗa, na yi lallashi, na haɗa shi da liman. Ya sha na wani lokaci ya bari. Da kaka ta yi, tari ya kwantar da shi, bai tashi ba.

Ni na yi masa wanka, da wani dattijon unguwa. Mata na kuka a cikin gida, ni ina jin su kamar rediyon maƙwabta. Na wanke shi yadda aka koya mana, dama kafin hagu. Da na zo hannuwansa sai na tsaya. Shuɗi ne har wuyan hannu, farata sun yi baƙi. Na sa sabulu na cuɗa, na zuba ruwa, na sake cuɗawa. Likkafani na ninke a gefe, fari fat, ni kuwa ina ta cuɗa.

Dattijon ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, bar shi haka nan. Ba ya fita."

Na ce na sani.