Hancin Gwaggo Marlyse

Kafin a ɗora tukunya a gidan abincin da ke bakin kasuwar ƙauyenmu, Gwaggo Marlyse ta riga ta shiga madafa. Sai ta sunsuni cuku, ta leƙa abin da mai dafuwa ya yanka, sannan ta sauka ɗakin ƙasa ta zaɓo kwalaben giyar inabin da za su dace da girkin ranar. Aikinta kai faranti tebur ne kawai. Tana budurwa ta fara, har furfura ta cim mata a kai.

Mu mutanen yankin Alsace muna da farar giyar nan mai zaƙi, mai ƙamshin furen wardi da zuma. An yi wani zamani da aka juya mata baya, ana cewa ta tsofaffin mata ce, ba a shan ta sai da kek. Armand, manomin inabin da ke kan tudu, ya ga tasa ta ƙi shiga, ya yanke shawarar tumɓuke gonar da ya gada. Ya shigo yana faɗa wa abokansa, Marlyse na jin sa.

"Armand, gonar ce ba ta da hankali ko kai?" in ji ta. "Zaƙi ba ya auren zaƙi. Zauna nan."

Ta ajiye masa cukun Munster, wanda warinsa ke korar baƙo, ta tsiyaya masa giyarsa. Ya gutsura, ya kurɓa.

"Marlyse, wannan tawa ce?"

"A'a, ta limamin coci ce. Ci mana!"

Daga ranar duk wanda ya nemi hantar dinya, ko agwagwa mai citta da barkono, sai ta kai masa da giyar Armand, in ya yi gardama ta ce ya ɗanɗana tukuna. Gonar tana nan har yau, jikokinsa ke nomanta.

Ke ce kika yi wannan, Gwaggo, uwar teburin ƙauye. Amma ba sunanki a jikin kwalba ko ɗaya, mu ma ba mu taɓa tsayawa mun ce sannu ba. Mun saba ɗaga hannu kawai mu ce, "Me zan sha da wannan?" Ba wanda ya zauna ya koya a wurinki.

A hunturun bara ta yi zazzaɓi, ta warke, amma jin ƙamshi bai dawo ba. Da ta so da ta ci gaba da abin da ta haddace, ba mai ganewa. Ta ƙi. "Giyar bana ba ta bara ba ce," ta ce wa mai gidan abincin. "Ba zan yi wa mutane ƙarya ba." Ta cire rigar aiki ta rataye.

Yanzu faranti na zuwa, kwalba na zuwa, kowa na harkarsa. Mun gane abin da muka rasa, sai dai a makare.

Mun gode, Gwaggo Marlyse, ki yafe mana jinkirin. Ku kuma matasa, tana nan da ranta a benen mai burodi. Ku hau da kofin giya a hannu, ku ara mata hancinku, ku faɗa mata ƙamshin da kuka ji. Ita za ta gaya muku abin da za a dafa.