Aikinsu Ya Tsaya a Bakin Ruwa

A duk unguwar Bin Omran ta birnin Doha babu wanda ya kai Dikko sanin teku. Ya san jirgin yaƙin da ke sintiri a mashigin Aden, ya san wanda aka tura gaɓar Afirka ta Yamma, ya san tutar kowanne da irin bindigar da ke kansa. Abokan ɗakinsa Adimiral suke ce masa. Mutumin Funtuwa ne, direban bas, kuma ko kwalekwale bai taɓa shiga ba.

Ƙanensa Auta ne sanadin ilimin nan. Da mahaifinsu ya rasu, Dikko ya bar tuƙin motar haya tsakanin Funtuwa da Zariya ya taho Doha. Auta kuma ya bi tirelar albasa zuwa Legas, inda wani ɗan kwangila ya sama masa aikin dafa abinci a jirgin dakon mai. 'Yan fashin teku suka hau jirgin, suka kwashi mutane, har da Auta, suka shige da su surƙuƙin fadamun gaɓa. Bayan an gama komai sai ga jirgin yaƙin wata ƙasar Turai ya iso, ya rako jirgin man har tasha. Aka yi ta shela a rediyo cewa an ceto jirgi, ko ɗigon mai bai zube ba. Gaskiya ne kuwa, bai zube ba.

Kamfani ya fanso kyaftin da injiniya. Auta kuwa, aka ce yaron ɗan kwangila ne, ba a san shi ba. Ɗan kwangila ya kashe waya.

Tun daga nan gidansu ya zama ba makoki ba, ba gida ba. Inna ta hana a yi sadaka, ta ce ba a yi wa mai rai. Mansuratu, matar Auta, tana zaune, ba ta shiga takaba ba, ba ta kuma da miji, iyayenta sun fara maganar zuwa wurin alƙali. Abin da kowa ke nema kalma ɗaya ce: yana raye ko ya mutu. Duk Juma'a Inna sai ta tambaya a waya, "Dikko, ba ka ce teku na nan kusa da ku ba?" A wurinta teku ɗaya ne, wanda ke bakinsa dole ya ji labari.

Wata safiya shugaban direbobi ya tura shi tashar jiragen ruwa ya kwaso sojojin wani jirgin yaƙi, sun sauka hutu, za su kasuwar Souq Waqif. Da ya ga sunan jirgin sai da ya riƙe sitiyari da kyau. Shi ne wanda ya rako jirgin su Auta.

Mutala, mutumin Zangon Kumasi mai riƙe ƙofar bas, ya lura. "Adimiral, kada ka soma. Direba ba ya magana da baƙi. In kafil, ubangidan da ya kawo ka ƙasar nan, ya ji, khalas, shi ke nan sai Funtuwa."

"To in tambayi wa? Kifi?"

"Tambayi kifin, shi ba ya kai ƙara ofis."

Sojojin yara ne masu ladabi, jajaye kamar an gasa su. Suka bazu a kasuwa, suna ɗaukar hoto da shaho, suna cinikin turare da gyale. Dikko ya tsaya jikin bas yana tauna Turancin da ya daɗe yana haddacewa, har babban hafsansu ya dawo riƙe da ledar dabino. Ya tare shi, ya faɗi sunan jirgin man.

Fuskar hafsan ta washe. "Ai ina wurin! Har lambar yabo aka ba mu."

"Mai dafa abincin ƙanena ne. Bai dawo ba."

Hafsan ya ajiye leda, ya dafa kafaɗarsa. Ya ce ya yi baƙin ciki ƙwarai, kuma da alama da gaske yake. Sannan ya yi bayani dalla-dalla, yadda ake yi wa yaro. Su an turo su ne su tsare hanyar ciniki. Ikonsu a kan ruwa yake. Da zarar an taka da mutum tudu, magana ta koma hannun hukumar ƙasar.

"Hukumar ta ce mu tambayi kamfani," in ji Dikko, muryarsa na hawa. "Kamfani ya ce mu tambayi ɗan kwangila. Kun taso tun daga ƙasarku da jirgi kamar unguwa, da jirgin sama a bayansa, kuna ganin kifi a ƙarƙashin ruwa, amma ba ku ga inda aka shiga da mutum ba?"

"Ba huruminmu ba ne."

Nan Turancin Dikko ya ƙare, Hausa ta karɓa. "Da a cikin tanki kuka same shi ai da kun rako shi har gida! Laifinsa kawai shi ne bai zama fetur ba!"

"Yalla, Adimiral, mu tafi," Mutala yana jan rigarsa. Masu dakon kasuwa sun tsaya da baro suna kallo.

Hafsan bai ji Hausa ba, amma mutum ne mai tarbiyya. Bai kai ƙara ba. Ya buɗe jakarsa ya ciro hula mai baki, shuɗiya, an ɗinke sunan jirgin da zaren zinariya a goshinta, ya miƙa masa da hannu biyu. Ya ce ba kowa suke ba irinta ba.

Dikko ya mayar da su tasha, bai taka birki da ƙarfi ko sau ɗaya ba. Kowane soja da zai sauka sai ya ce ya gode.

Ranar Juma'a Inna ta kira. Ya gaya mata ya ga masu jirgin, ido da ido. Ya ji ta tana kiran Mansuratu ta matso kusa da waya.

"To me suka ce?"

"Sun ba ni hula, Inna."