Raƙumin Kawu Isa

Shekara tara ke nan da rasuwar Kawu Isa, yayan mahaifiyata, ɗan kasuwar Damagaram da ya ƙare rayuwarsa yana sayar da atamfa a Aubervilliers, a gefen birnin Paris. Allah ya jiƙansa. Bai taɓa damuwa da sunan gari ba, balle taswira. Kwatancensa irin na mutanen karkara ne: "In ka wuce gidan mai, ka bar coci ga hagunka, ka yi ta tahiya har ka ga Raƙumi."

Raƙumin wani farin dutse ne a bakin teku, arewa da Paris, mai dogon wuya kamar ya sunkuya zai sha ruwa. Kawu ne ya raɗa masa sunan. Duk baƙon da ya zo daga gida sai ya cusa shi a mota, da kwanon dambu da butar shayi, a je a yi hoto. Ni ina karatu a Lyon, amma ko jarrabawa ba ta cece ni ba. Sai dai in hau jirgi in zo ina ƙunƙuni.

Bara matarsa, Hajiya Rabi, ta shirya komawa Damagaram gaba ɗaya, ta ce ba ta tafiya sai ta sake ganin wurin. Muka taru, dangi da abokan Kawu, don mu raka ta, a nan muka gane duk cikinmu babu wanda ya san sunan ƙauyen da dutsen yake. Muka bi kwatancen Kawu. Gidan mai ya zama kanti, coci kuwa kowane ƙauye da nasa. Muka wuni muna bilinbituwa. Abin ya tsorata ni, don jirgin Hajiya washegari ne.

Da la'asar na nuna wa wata tsohuwa mai gidan burodi hoton da muka taɓa yi a gaban Raƙumin. Ta ce ai tuni guguwa ta kayar da dutsen cikin teku, ta nuna mana hanya.

Muka tarar da tarin farin tsakuwa, ruwa na wanke shi. Da Kawu na nan, na san cewa zai yi gurfanawa Raƙumi ya yi, ba faɗuwa ba, kuma ba mai iya musa masa. Dutsen da muka ɗauka zai binne mu duka ya tafi, amma ga mota biyu cike da mutanen da Kawu ya haɗa, ana rigimar wa ya manta da sukari.

Ina ta fargabar kukan Hajiya. Ta daɗe tana kallon ruwan, sai ta fashe da dariya, tana share ido da gefen gyale.

"Ashe shi ma bin maigidansa ya yi," in ji ta. "To, ku shimfiɗa tabarma, yanzu ina iya tahiya."